Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Koya wa Ɗalibin Karkara Yadda Ake Karatun Jarrabawa

Gabatarwa

Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa na Yuli, ɗaliban ajin ƙarshe na babbar sakandare a Nijeriya kan zauna jarrabawar kammala karatu. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a shekarar 1952, ita ke fara gudanar da tata, sannan hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 ta kuma fara jarrabawa a 2000, ta biyo baya. Ana auna kowane darasi daga A1 zuwa F9, kuma C6 ita ce mafi ƙarancin daraja da ake ƙirgawa a matsayin kiredit. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar da Turanci a cikinsu, ga mai neman fannin kimiyya kuwa Lissafi ma wajibi ne. A sakamakon NECO na 2025, kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka zauna ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan irin waɗannan ɗalibai. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai kuma alƙaluman suna nufin cewa a faɗin ƙasa, huɗu daga cikin kowane yara goma sun koma gida ba su cimma buri ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, yadda ake karatu darasi ne mai zaman kansa, wanda ya wajaba malami ya koyar kamar yadda yake koyar da nahawu ko lissafi. Za a ɗauki misali da ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano, domin a nan ne ake ganin illar karatun gaggawa ƙarara.

Jarrabawa da damina sukan zo tare

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya shiga ƙasar Doguwa, ya san cewa ya shiga ƙasar manoma. Masara da dawa da shinkafa da rake su ne arzikin mutanen wannan yanki. Ruwan sama yakan riga sauka a nan kafin ya kai birnin Kano da arewacinsa, kuma yakan fi yawa. Ke nan lokacin sharar gona da kai taki da shuka da noman farko yakan faɗo daidai makonnin da ake zaune a ɗakin jarrabawa. Yaron da ke aji uku na babbar sakandare yana da shekara 17 ko 18, wato shi ne ƙarfin gidansu. Idan aka yi ruwan shuka da dare, ba mahaifin da zai bar shi kwance da littafi da safe, kuma ba za a ga laifin mahaifin ba, domin abincin shekara ne a gabansa.

Ita ma ɗiya mace ba ta tsira ba. Idan maza suka fita gona, girkin ma'aikata da ɗiban ruwa da renon ƙanne sukan ƙaru a kanta. A wuraren da ake noman rani kuwa, kamar garuruwan da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, aikin gona ba ya yankewa ɗungurungum ko da rani.

Wannan shi ne dalilin da ya sa shawarar da aka saba ba ɗalibai, wato su dage da karatu idan jarrabawa ta gabato, ba ta dace da ɗan wannan yanki ba. Ɗan birni yana iya rufe kansa a ɗaki na mako uku ya haddace abin da ya samu. Ɗan Doguwa ba shi da waɗannan makonni ukun. Abin da zai shiga ɗakin jarrabawa da shi a Mayu, sai dai ya riga ya zauna masa a ka tun watannin hunturu da bazara, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da aka gama kai amfanin gona gida. Waɗannan watanni su ne kakar karatunsa.

Ga ɗan lissafi mai sauƙi. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu akwai kimanin mako 30. Ɗalibin da ya ware awa ɗaya tak a kowace rana, kwana shida a mako, zai tara awa 180, wato awa 20 ga kowane darasi idan darussa tara yake ɗauka. Wanda ya jira sai saura mako uku, ko da zai iya awa biyar kullum ba fashi, awa 105 kawai zai samu, kuma cikin gajiya da fargaba. Tun a yawan lokaci mai bi a sannu ya yi gaba, kafin ma a zo batun wanda karatunsa zai fi zama.

Abin da ɗalibai ke kira karatu

Idan aka lura da yadda mafi yawan ɗalibanmu ke shirin jarrabawa, za a ga abu uku. Na farko, maimaita karanta littafin da aka kwafi darasi a cikinsa, daga bango zuwa bango, sau biyu ko sau uku. Na biyu, ja wa layuka zane da biro har shafi ya cika. Na uku, raba dare ana karatu a jajibirin jarrabawa, da taimakon goro ko shayi. Duk ukun suna sa ɗalibi ya ji a ransa cewa ya yi aiki, domin idan ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta san abin da ke cikinsa. Ranar jarrabawa kuwa babu shafin a gabansa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya zaƙulo amsa daga kansa, aikin da bai taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan al'amari. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta riƙa tafiya a hankali. Ya kuma gano cewa maimaicin da aka rarraba a ranaku daban-daban ya fi wanda aka tara a zama ɗaya amfani.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a gajerun bayanai su karanta. Wasu aka sa su sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu sake karatu sun ɗan fi. Da aka gwada bayan mako ɗaya sai lamarin ya juya: waɗanda suka gwada kansu sun tuna kashi 56 cikin 100, masu sake karatu kuwa kashi 42. Haka kuma a 2013, John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace binciken da aka yi a kan dabarun karatu guda goma. Biyu ne suka fito a sahun gaba, wato gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a tsawon lokaci. Sake karatu da jan layi suna cikin waɗanda suka faɗo ƙasa.

Darasin da ke tsangaya

Abin da ya kamata malamin gobe ya lura da shi shi ne, waɗannan dabaru biyu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Duk garin da aka shiga a Kiru ko Bebeji akwai makarantar allo, kuma mafi yawan ɗaliban sakandare ta nan suka fara. A tsangaya ba a ba almajiri izu guda ya haɗiye a dare ɗaya. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya ɗauka a allo, ya yi ta biyawa, kuma ba zai wanke allon ba sai ya kawo karatun gaban malam an saurara. Mai hadda yakan kife allonsa ya karanta da ka, idan ya kakare ya leƙa, ya sake kifewa. Bayan haka akwai tilawa, inda ake komawa baya a kai a kai domin kada sabon karatu ya kori tsoho. Sannan akwai lokutan da aka tsayar, da asuba da hantsi da yamma da dare, waɗanda ba a saɓa musu. Ƙololuwar abin ita ce satu, wato mahaddaci ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da duba wani kwafi ba.

Idan aka dubi wannan tsari da idon mai nazarin koyarwa, za a ga ƙaramin rabo a kowace rana, da gwada kai ba tare da kallon rubutu ba, da mai saurare da ke gyara kuskure nan take, da bitar baya a kan tsari. Abin mamaki shi ne yadda yaron da ya san ba a wanke allo sai karatu ya zauna, idan ya shiga makarantar boko sai ya ajiye wannan tarbiyya a ƙofa, ya koma kallon littafi kawai. Laifin namu ne malamai, domin ba mu taɓa nuna masa cewa hanyar da ya bi ya riƙe sura ita ce za ta riƙe masa ka'idojin Kimiyya ba.

A nan akwai togaciya. Nassi ana riƙe shi ne kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Darasin Tattalin Arziki ko Kimiyyar Halittu kuwa yana bukatar ɗalibi ya fahimta, ya bayyana da kalmominsa, ya kuma yi aiki da abin a tambayar da bai taɓa gani ba. Saboda haka abin da za a aro daga tsangaya shi ne tsarin lokaci da horon gwada kai. Fahimta ita ce za ta riga, sannan a bi ta da wannan horo.

Ɗabi'u biyar da ya kamata a dasa

Ta farko ita ce tsayayyen lokaci. Ɗalibi ya zaɓi sa'a guda da ba ta karo da aikin gida, ya riƙe ta kullum. Ga mafi yawan 'yan karkara, bayan sallar asuba zuwa fitowar rana ya fi dacewa, domin gari shiru ne, jiki ya huta, kuma hasken safiya ba ya bukatar fitila. Ranar kasuwar garinsu, idan yana taya iyayensa ciniki, sai ya ɗauke ta a matsayin ranar hutunsa tun a jadawali, don kada fashin rana ɗaya ya karya masa gwiwa.

Ta biyu ita ce rufe littafi. Bayan ya karanta shafi ɗaya ko biyu ya fahimta, sai ya rufe, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya gwama. Inda ya manta, nan ne aikinsa yake. A Lissafi kuwa, ya rufe misalin da malam ya warware, ya warware shi da kansa daga farko. Wannan hanya ta fi wahala, kuma takan nuna wa ɗalibi rauninsa, shi ya sa ba a son ta. Amma gara ya ga raunin a ɗakinsa a watan Janairu da ya gan shi a takardar sakamako.

Ta uku ita ce bita a kan tsari. Darasin da aka koya yau, a waiwaye shi gobe, a sake bayan mako, a sake bayan wata. Minti goma ya isa kowace waiwaya, muddin da ka ake yin ta. Ɗalibi yana iya ware shafin ƙarshe na littafinsa ya rubuta kan darasi da ranakun da zai koma masa.

Ta huɗu ita ce amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gaba. Yawancin ɗalibai sukan karanta tambaya su karanta amsarta a bayan littafi, su wuce. Abin da ya dace shi ne a zauna kamar a ɗakin jarrabawa, a karanta umurnin da ke saman takarda, a raba lokaci, a rubuta amsa cikakkiya, sannan a duba. Rahotannin da manyan masu duba takardu na WAEC ke fitarwa sun sha kokawa a kan rashin bin umurni da rashin karanta littattafan adabi da aka zaɓa da raunin bayyana tunani a rubuce. Duk waɗannan ana maganinsu ne da gwaji.

Ta biyar ita ce barci. Bincike ya tabbatar da cewa a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Ɗalibin da ya kwana ido biyu ya shiga jarrabawar awa biyu ko uku ya cuci kansa, ko da kuwa ya ƙara shafi ashirin a daren.

Ana iya haɗa duk waɗannan da ƙungiyar karatu ta mutum uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya. Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya ta ishe su, littafi ɗaya ya zagaya, kuma kowa ya zama mai sauraren ɗan'uwansa. Sharaɗin shi ne su riƙa yi wa juna tambaya, kada zaman ya koma hira.

Abin da masu ja za su ce

Wani zai ce, ina amfanin maganar dabarun karatu a makarantar da ba ta da isassun malamai, ba ɗakin gwaje-gwaje, ba littattafai, yara kuma ba su iya Turancin da ake jarrabawa da shi ba? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma gwamnatin Jihar Kano da kanta ta amsa girman matsalar lokacin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Babu dabarar karatun da za ta maye gurbin malamin Kimiyyar da babu shi. Sai dai gina aji da ɗaukar ma'aikata ba a hannun malamin aji suke ba, koyar da yadda ake karatu kuwa a hannunsa yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Haƙiƙa ma, inda kayan aiki suka yi ƙaranci nan ne aka fi bukatar kada ɗan abin da aka koyar ya zube.

Wani kuma zai ce, ai yara sun san hanyar da ta fi sauƙi, wato satar amsa ko yin rajista a cibiyoyin da ake sayar da sakamako. Wannan hanya laifi ce a dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, wadda ta tanadi tara ko ɗauri, kuma hukumomin jarrabawa sukan riƙe ko su soke sakamakon da suke zargi. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun daga 2015 da kwamfuta ake zauna jarrabawar JAMB, inda ɗalibi zai fuskanci tambayoyi shi kaɗai. Wanda ya tsallake nan ma, aji ɗaya na kwaleji zai tona shi. Yawanci tsoro ne ke kai yaro ga satar amsa, tsoron kuwa daga rashin shiri yake. Ɗalibin da ya gwada kansa sau da yawa ya ga yana iyawa ba shi da bukatar cusa takarda a safa.

Nauyin da ke kan malami

Mafi yawan masu karanta wannan littafi a firamare da ƙaramar sakandare za su koyar, kuma can ne ya dace a fara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Jihar Kano ɗalibin makarantar gwamnati yakan haɗu da jarrabawar tantancewa, wadda aka fi sani da kwalifayin, tun yana aji biyu na babbar sakandare, kuma da sakamakonta gwamnati kan zaɓi waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Ga ɗan talaka, faɗuwa a nan tana iya zama ƙarshen karatu. Wanda ya jira aji uku kafin ya koyi karatu ya makara.

Malami yana iya buɗe kowane darasi da minti biyar na tambayoyi uku, littattafai a rufe: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga na makon jiya, ɗaya daga na watan jiya. Kada a sa maki, kada a yi bulala, domin manufar ita ce yaro ya saba da zaƙulo abu daga kansa ba tare da fargaba ba. Yana iya zama da ɗalibai a farkon zango su tsara jadawalin karatun gida, kowa gwargwadon aikin gidansu. Yana kuma iya tsara aikinsa yadda zai ci ƙarfin manhaja kafin ruwa ya sauka, ya bar makonnin ƙarshe don bita mai sauƙi. Sannan ya yi amfani da taron iyaye da malamai ya roƙi abu ɗaya ƙayyadadde: a bar wa yaro ko yarinya sa'a guda a rana, a kuma ɗauke musu aikin gona a ranakun da suke da takarda. Manomi ya fi kowa sanin cewa ba a shuka yau a girbe gobe, don haka idan aka yi masa bayani da harshen sana'arsa zai gane.

Malamin Hausa yana da ƙarin aiki. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa tun da Hausa suka tsotsa, ba sai sun karanta ta ba, sai su yi asarar kiredit ɗin da ya fi kusa da hannunsu. Takardar Hausa tana neman insha'i da auna fahimta da fassara da tsarin sauti da nahawu da adabi da al'adu, kuma ana rasa maki a ka'idojin rubutu. Wanda bai bambanta kare da ƙare ba, ko bari da ɓari, ko ya raba yana ya rubuta ya na, ko ya haɗe za mu, mai duba takarda ba zai yafe masa ba. Maganin wannan shi ne shifta ta minti biyar sau biyu a mako, da insha'i guda a kowane mako biyu wanda malam zai duba ya mayar.

Kammalawa

An ga cewa ɗalibin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana shiga jarrabawa ne a lokacin da gona ta fi bukatarsa, saboda haka karatun gaggawa ba zai fisshe shi ba. An kuma ga cewa dabarun da bincike ya tabbatar, wato rarraba bita da gwada kai, suna nan a tsangayar garinsu tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a sami malamin da zai haɗa masa biyun. Ana shawartar kowane ɗalibin malanta da ya fara da kansa: ya gwada waɗannan ɗabi'u biyar a shirin jarrabawarsa ta wannan zango, sannan idan ya fita koyarwar gwaji ya ɗauki aji ɗaya ya riƙa buɗe darasi da tambayoyi uku har zangon ya ƙare, ya rubuta abin da ya gani ya kawo a tattauna.